Tururuwar da ta ƙara wa 'yar yayana sadaki

Kowane magidanci ya san 'yan zaman gidansa da ba sa biyan haya. Kiyashi na gwangwanin sukari ne, ba ruwansa da kowa, cikinsa kawai ya sani. Cinnaka na ƙarƙashin tabarma ne, yana jiran ka miƙe ƙafa bayan la'asar. Gwano in ka taka shi kai ka jawo wa hancinka. Kwarkwasa kuwa in ta shigo ba a tsayawa shawara, yara ake kwasa a yi waje. Duk waɗannan na san su, sun san ni, kowa ya san iyakarsa, ba mu taɓa kai juna gaban mai unguwa ba.

Waɗanda suka sauka gidana a Zariya cikin wata damina mai ruwa ba sa cikin wannan rajista. 'Yan ƙanana ne, baƙaƙe masu sheƙi, ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba. Layi guda suke yi daga kusurwar silin ɗin falo, su gangaro ta katakon taga, su bi bayan labule su nufi kicin, ba gaggawa, ba sallama. Na sa yatsa na dungure ta gaba don su san gidan nan da mai shi. Maimakon su watse yadda tarbiyya ta tanada, sai na kusa duk suka ja birki, kowace ta ɗaga gindinta sama, ta lanƙwaso shi har bisa kanta, ta saita ni da shi.

Ni malamin makaranta ne. In na shiga aji ɗalibai zumbur suke miƙewa. Tunda nake ba a taɓa yi mini irin wannan rashin kunya ba, balle a cikin falona.

"Baba, jariran kunama ne!" in ji autata, ta ɗare kan kujera.

Uwargida ta leƙo daga kicin. Ba ta ko dubi tururuwar ba. Wani baƙin gari-gari da ya taru a bakin taga ta duba, ta ɗaga kai ta dubi tabon ruwan da ke jikin silin, sannan ta dube ni.

"Malam, ba nan ne wurin da na ce maka yana ɗiga ba?"

Na ce mata yanzu darasin ƙwari ake yi, ba na rufi ba, kuma ba a haɗa darasi biyu a awa ɗaya. Maganar rufin nan tana da tarihi. An ware kuɗinta tun da bazara, sai Babbar Sallah ta faɗo daidai bakin damina, kuɗin suka rikiɗa suka zama rago. Ragon kuwa kowa ya ci, har da mai ƙorafin.

Cikin makon nan ne za a zo neman auren 'yar yayana. Uba ba ya zama a yi cinikin sadakin 'yarsa, aikin baffa ne, ni ne kuwa baffan da ya fi kusa, saboda haka a falona za a zauna. Na karɓo babbar rigata daga wurin mabugi tun daren Juma'a, na rataye ta a ƙusar da ke gefen taga don kada ta yamutse. A aljihunta akwai alewa da dabinon wani ɗaurin aure da ya wuce, waɗanda wanki da bugu suka mayar da su wani irin madi. Ni ban sani ba. Akwai waɗanda suka sani.

Dattawan ango suka iso da hantsi, mutanen kirki, masu furfura da carbi. Limamin unguwarmu yana damana a matsayin shaida. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi ruwa da amfanin gona, aka yi addu'a. Babbansu ya gyara murya ya ce sun ga iri mai kyau a gidan nan, sun zo nema wa ɗansu. Na ce madalla, gida gidansu ne. Ya ce game da sadaki, sun yi niyyar naira 100,000, in an amince.

Na buɗe baki zan ce Allah ya sa albarka, sai na ji wani abu ya ɗana mini wuta a tsakanin kafaɗu, daidai wurin da hannu ba ya kaiwa. Ba shiri na maƙe kafaɗa.

Duk wanda ya yi reno ya san ma'anar maƙe kafaɗa. Dattawan suka dubi juna. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Babbansu ya ce, to, sun san yarinya mai ilimi ce, sun ƙara 20,000.

Kafin ya rufe baki na biyu da na uku sun sauka, ɗaya a hammata, ɗaya a ƙeya ƙarƙashin hula. Mutum yana wakiltar zuriya guda gaban surukai, ba ya sosa hammata. Na runtse ido, na cije leɓe, na girgiza kai a hankali ko ta ƙeyar za ta faɗo. Wani ɗan tsaki ya kuɓuce mini.

"Malam," liman ya raɗa mini, yana taɓa gwiwata, "albarka ake nema a aure, ba tsada ba. Ko rubu'in dinari aka bayar ya isa."

Na so in ce masa na fi shi sanin haka, amma a lokacin rundunar ta gano hanyar mazugi. Abin da ya fito daga bakina shi ne wani nishi mai tsawo. Aka ƙara 30,000. Wani daga cikinsu ya fara share gumi da bakin rawaninsa. Ni ma gumin nake, ga hawaye ya ciko mini ido, sai suka ɗauka tsananin ƙaunar yarinyar ce ta sa na kasa rabuwa da ita. Babbansu ya ce wallahi za su riƙe ta amana. Na gyaɗa kai, na kuma girgiza shi, duka a lokaci guda.

Da suka gangara ƙasa da mazugi sai kunya ta ƙare. Na miƙe wuf na ce, "Innalillahi! A'a, wannan ba zai yiwu ba!" Na yi cikin gida da gudu ina tuɓe riga tun daga tsakar gida.

Ko da na dawo, cikin wata tsohuwar kaftani, jikina na warin sabulu, na tarar an kai 200,000, kuma liman ya yi maza ya karɓa ya shafa fatiha kafin in dawo in ƙara ɓata lamari. Ban yi wa kowa bayani ba. Wa zai tsaya gaban surukai ya ce tururuwa ce? Har yau a dangi ana cewa in kana da 'ya, ka kai wa baffan Zariya, ba ya wasa. Angon kuwa yana gaishe ni, amma daga nesa.

Daga ranar na ɗaura yaƙi. Na zuba toka a hanyarsu, suka zagaye ta. Na sayo allin nan na kashe kyankyaso na zana layi a bango, na farko suka mutu, na baya suka buɗe sabuwar hanya ta bayan hoton aurenmu. Na shafa kananzir a katakon taga, gidan ya koma warin gidan mai, har tuwon dare sai da ya ɗauka. Sannan na je kasuwa na sayo fiya-fiya a kwalbar da ba ta da suna, na yayyafa ko'ina. Wannan kam ta yi aiki: ta kore mu. Autata ta kama tari, kaina ya ɗau ciwo, muka kwana a tsakar gida da sauro, muna sauraren hadari. Gubar gona ce ake ɗurawa a irin waɗannan kwalabe, irin wadda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni tun 2019, kuma duk mai yaro a gida ya nisance ta. Da safe na share gawarwaki cike da abin kwasar shara, na yi shelar nasara. Kafin mako ya zagayo sai ga sabon layi, wannan karon a kan wayar wuta, yana shiga soket ɗin bayan talabijin. Daren nan soket ɗin ya yi tartsatsi, fis ya tashi. Mai gyaran wuta ya kwance shi ya juye a tafin hannunsa, cike da gasassun tururuwa da ɓarɓashin robar waya. Ya ce, "Oga, masu haya gare ka a nan."

A nan ne na yanke shawarar wuta. Na naɗa tsumma a sanda, na tsoma a ragowar kananzir, na doshi taga. Hajiya mahaifiyata, wadda ta zo biki ba ta koma ba, tana zaune kan darduma tana kallona.

"Kai, ina za ka da wannan?"

"Hajiya, ƙona su zan yi."

"Ajiye. Ka yi karatun banza ke nan? Sura guda ke ɗauke da sunan tururuwa a Alƙur'ani, ita ce ta yi magana Annabi Sulaimanu ya ji. Kuma ba ka ji labarin annabin da tururuwa ɗaya ta ciza ya sa aka ƙone gidansu duka, Ubangiji ya yi masa faɗa ba? Mai cutarwa a kawar da ita, ba a hana ba. Amma ba da wuta ba."

"Hajiya, ai ni ba ɗaya ce ta cije ni ba."

"To ƙona gidan, mu koma masallaci da zama."

Na ajiye sandar. Ban ce hujjata ta faɗi ba, amma silin ɗin na kwali ne.

Hajiya ce ta aika aka kira maƙwabcinmu na baya, wanda duk unguwa ke kira Baba Malam. Ya yi aikinsa har ya yi ritaya a sashen ƙwari na cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, kuma tun da ya bar aiki yake neman wanda zai saurare shi. Ya shigo da gilashin ƙara girma rataye a wuya. Ya jiƙa tsinken tsintsiya, ya ɗauko guda ɗaya, ya ɗora a farar takarda, fuskarsa ta cika da fara'ar wanda ya gamu da tsohon aboki.

"Masha Allah. Malam, duba cikinta ta sama. Me ka gani?"

Na duba. Cikin yana da siffar zuciyar nan da ake zanawa a katin biki, faffaɗa ta gaba, mai tsini ta baya.

"Yauwa. Duba ƙugu, ƙulli biyu ne. Duba gadon baya, ga 'yan ƙayoyi biyu. Tsawonta milimita 3 ne zuwa 4. Wannan ita ce Crematogaster. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Lund, shi ya raɗa mata suna a 1831, kuma irinta sun fi 400 a duniya. Turawa na ce mata mai alkafura."

Ya nuna mini inda sirrin rashin kunyar yake. Sauran tururuwa ƙugunsu a gaban ciki yake haɗewa, ita kuwa a samansa yake maƙale, shi ya sa take iya wuntsulo cikin har bisa kai. Ƙarinta kuma ba mai tsini ba ne irin na rina, bakinsa faffaɗa ne, ba ta soka shi. Ɗigon dafi take tarawa a kansa ta shafa wa abokin gaba.

"Wato shafa mini suka yi, Baba?"

"Sun ciza da baki, sun shafa da baya. Ɗaya ba ta kai cinnaka zafi ba. Amma su ba sa zuwa ɗaya-ɗaya."

Na ce wannan na riga na yi bincike a kansa.

Ya ce akwai abin da ya fi wannan daɗi. Galibin tururuwa da ƙarshen ciki suke goga ƙasa su bar ƙanshin da 'yan'uwa za su bi. Ita wannan ƙirar ƙugunta ba ta barin ta yi haka da sauƙi, sai aka sa mata abin a ƙafafun baya, tana tafiya tana buga hatimi. Tun 1968 masana suka gano haka. Saboda haka ruwan sabulu da tsumma sun fi toka da allina amfani, domin su ne ke goge hanyar. Amma ko an goge, wata za su shata.

"Kai kullum inda suke ci kake bi. Ka taɓa bin su zuwa inda suke kwana? Waɗanda kake kashewa 'yan aike ne. Sarauniya na can tana zuba ƙwai, ba ta ma san ana yaƙi ba."

Muka bi layin a juye, ni da shi da yaran unguwa da suka taru. Daga taga zuwa silin, daga silin muka fita waje muka zagaya bayan ɗaki. Ga su nan suna fitowa ta wata tsaga a katakon bakin rufi, sun rabu biyu. Wasu sun hau wayar da ta taho daga turken lantarki, wasu sun bi reshen mangwaron da ya kwanta a kan kwano. Mangwaron nan ni na dasa shi, kuma na hana a taɓa reshen saboda ya fi kowane 'ya'ya.

Baba Malam ya janyo ganye ya juya bayansa. Wasu fararen ƙwari ne liƙe a jiki, ba sa motsi, jikinsu fari-fat da gari, ganyen ƙasa kuwa sun yi baƙi sun yi danƙo. Ya tambaye ni ko na san darɓa a gonar dawa. Na ce wane ɗan ƙauye ne bai sani ba. Ya ce to ita ce wannan: ƙwarin suna tsotsar ruwan itace su fitar da zaƙi ta baya, baƙin da ke ganyen kuma fumfuna ce da ta tsiro a kan zaƙin.

"Waɗannan fararen su ne shanu, tururuwarka su ne Fulanin. Suna tatsa, suna gadi, duk ƙwaron da ya zo cin garken su kore shi, wani lokaci har rumfa suke gina musu da ɓarɓashin itace. Kicin ɗinka kasuwa ce kawai da suke leƙawa. Ruga tana nan."

Ya ce kada in raina wannan kiwo. A Gana, a gonakin koko, irin waɗannan fararen ƙwari ne ke yaɗa cutar da ke kumbura reshen koko, wadda aka fara ba da rahotonta a 1936, har ta sa aka buɗe tashar bincike a Tafo a 1938. Tururuwar da ke gina musu rumfa tana ɓoye su kuwa dangin tawa ce. Itatuwan koko da aka sare a ƙasar don tsayar da cutar sun haura miliyan 200. Na dubi mangwarona, na ji reshen ya fara fita daga raina.

Saura a ga gidan da ido. Aka aro tsani, aka jingina a bango daidai inda katangata ta haɗu da ta Alhaji maƙwabcina na gefe. Baba Malam ya ce gwiwarsa ba ta hawa, amma zai riƙe mini. Ya ba ni sukundireba ya ce in ƙwanƙwasa katakon, inda na ji ya yi taushi in soka.

Ina hawa ya ɗauko labarin Kenya.

"Ka san, Malam, a can yankin Laikipia akwai wata ƙaya, dangin bagaruwa, gindin ƙayarta kumbura yake yi ya zama ɗaki. Waɗannan bayin Allah ke hudawa su zauna a ciki, in iska ta busa ta ramukan sai itacen ya riƙa fito. Itacen na ba su ɗaki da zaƙi, su kuma suna gadinsa. Ka san daga wa?"

"Baba, ku riƙe tsanin da kyau."

"Daga giwa! Giwa guda, da duk girmanta! Fatarta ba ta jin komai, amma cikin hancinta laushi gare shi. Da ta miƙa hanci za ta karya reshe sai su yi caa su shige ciki. An gwada wannan, an buga sakamakon a 2010. Sai ka ga giwa ta yi haka..."

Daidai lokacin sukundireba ta nutse cikin katako har mariƙi, ba tare da na sa ƙarfi ba. Ɓangare guda ya ɓalle ya faɗo. Abin da ke ciki ba katako ba ne, wani jiƙaƙƙen baƙin dusa ne mai ramuka, cike da fararen ƙwai da tsutsotsi, da dubban gindaye a sama. Wani wari mai ɗaci ya bugi hancina. Suka kwararo ta hannun riga. Na leƙa ƙasa in ce a taimaka, sai na ga Baba Malam ya saki tsanin, ya haɗa hannu biyu a hanci yana kaɗawa, yana nuna wa yara yadda giwa ke yi.

Tsanin ya tafi hagu, ni na tafi dama. Allah ya sa katanga ta tare ni a ciki. Na tsaya a rataye, kai da hannuwa a gidan Alhaji, ƙafafu a gidana, sauran jikin yana kallon sama. Matan gidan suna tsakar gida suna tsintar shinkafa. Muka haɗa ido da uwargidan Alhaji, a juye. Ban san abin da ya dace ba, sai na yi sallama. Suka watse da salati.

Alhaji da kansa ya fito ya sauko da ni. Bai iya magana ba. Ya zauna a kan turmi yana dariya har da buga ƙafa, in ya ɗago ya dube ni sai ya sake kifewa. Da ya samu numfashi ya ce, "Malam, ashe zama da maɗaukin kanwa gaskiya ne. Har ka koyi irin tasu." Kafin magariba labarin ya kai majalisar mai shayi, da ƙari.

Ana shafa mini man zafi a haƙarƙari Baba Malam ya zauna a gefen katifa ya ƙarasa, don shi bai ga abin da ya katse labarin ba. Wai a wani gandun daji mai suna Ol Pejeta wata baƙuwar tururuwa mai ƙaton kai ta shigo ta karkashe masu gadin ƙayar. Giwaye suka samu sake suka kakkarya itatuwa, fili ya buɗe, zaki ya rasa inda zai laɓe wa jakin dawa, dole ya koma farautar ɓauna. A 2024 aka buga wannan a mujallar Science. Na ce masa ni yanzu ba ruwana da abin da zaki zai ci.

Kashegari kafinta ya zo. Ya hau, ya ɗaga kwano, ya sauko yana karkaɗe hannu, ya yi bayani da ƙarfi yadda za a ji daga kicin.

"Oga, wannan ba tururuwa ce ta ci katakon nan ba. Ita ba ta iya lafiyayyen katako. Ƙusa ce ta buɗe, ruwa ya daɗe yana bi, katako ya ruɓe, gara ta yi aikinta ta tafi, su kuma suka tarar da gida a share suka tare. Garin da kake gani a taga sharar ɗakinsu ce suke turowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da tun bazara aka kira ni, ƙusa da ɗan kwalta ne kawai."

Daga kicin ba a ce komai ba. Aka dai ci gaba da jajjage, da wani irin natsuwa da ban so ba.

Ya canza katakai uku da fallen kwano, ya faɗi kuɗin da sai da na nemi wurin zama. Aka sa zarto a reshen mangwaro, aka datse duk wanda ke taɓa rufi ko bango. Aka liƙe ramin da waya ke shiga da tsagar gefen taga. Yara suka wanke ganyen da hannu ke kaiwa da ruwan sabulu, aka fesa ruwan darbejiya a kan garken. Sukari da zuma suka koma cikin roba mai murfi.

Sauran da suka ɓuya a cikin silin kuwa, Baba Malam ya ce ciyar da su za a yi. Ya kawo hodar borik ya auna da kansa, kashi 1 cikin 100 na ruwan sukari, ya jiƙa auduga ya sa a murafun kwalba, aka ɗora can sama bisa katakon labule inda hannun yaro ba ya kaiwa. Na ce a ƙara hodar su mutu nan take. Ya ce abin da ba a so ke nan: in ta yi ƙarfi ɗan aike zai mutu a hanya ko ya ƙi sha, ana so ne ya sha ya koma gida lafiya ya ɗura wa na ciki baki da baki, har ta kai ga sarauniya. In sun juya wa zaƙi baya, don wani lokaci maiƙo suke so, a kwaɓa da tunkuza. Kuma kada in kuskura in fesa komai a kansu, kada in taɓa layin.

Wannan shi ne mafi wuya a duk yaƙin. Mutum ya dawo daga aiki ya zauna a falonsa yana kallon waɗanda suka tozarta shi gaban surukai sun yi da'ira suna shan sukarin da ya saya da albashinsa, in ya matso su ɗaga masa gindi, shi kuwa ya ce a sha lafiya. Uwargida takan wuce ta ce, "Malam, baƙinka sun shanye, a ƙaro?" Amma layin ya riƙa sirancewa, daga mako zuwa mako, har ranar da na ga auduga ta bushe ba wanda ya zo.

Ruɓaɓɓun katakan da reshen mangwaro suna jibge a ƙofar gida. Baba Malam ya ce a kai su can bayan gari, kada a bar su kusa da ɗaki, domin akwai sauran jama'a a ciki, kuma itacen girki da aka jingina da bango babbar ƙofa ce. Ina neman mai kura sai ga Alhaji. Ya ce haba Malam, ga itace har itace za a zubar, gas ya yi tsada, a bar wa iyali. Ya kira yaransa suka kwashe tas, suka jera a jikin bangon kicin ɗinsa, ƙarƙashin rumfa inda ruwa ke tsiyaya. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya dube ni ya ƙyalƙyale, ya ce har yanzu in ya tuna katangar nan sai cikinsa ya ƙulle. Na ce Allah ya amfana.

Wajen ƙarshen damina, mun fito sallar asuba, ya ja ni gefe. Hannunsa ɗaya na cikin wuyan riga yana aiki.

"Malam, waɗannan abubuwan naka, masu, ka gane dai..."

"Masu alkafura, Alhaji?"

"Su. Sun cika mini ɗaki, har cikin durowar kaya. Don Allah a taimaka da maganin nan na gaggawa. Asabar ɗin nan za a zo neman auren 'yar ƙanena, kuma ni ne waliyyi."

Na tambaye shi nawa yake jin za su bayar. Ya faɗa. Na ce, "Alhaji, in da ni ne, da na bar maganin sai ranar Lahadi."